Bangon da Aka Bari Ba Yaɓe

Ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku, yara da iyayen yara.

Ku ce ta zo mu ji ta.

To, madalla. Ku gyara zama, na baya ku matso kusa, gama wannan ba ta gaggawa ba ce, dariyar da ke cikinta kuma kaɗan ce.

Akwai wani mutum, Bayahude, manomi, yana zaune a wani ƙauye bakin babban kogi, a ƙasa mai nisa da ƙasar kakanninsa. Ba a ƙauyen aka haife shi ba. A kafaɗar mahaifinsa ya zo yana ɗan ƙarami, a shekarar da maƙiya suka ci Urushalima da yaƙi, suka ƙone Haikalin Allah, suka watsa mutanen cikin duniya. Mahaifiyarsa ba ta kai ƙarshen tafiyar ba, a gefen hanya aka binne ta. Abu biyu kaɗai mahaifin ya iso da su: yaron a kafaɗa, da wani naɗaɗɗen littafi na fata ɗaure a ƙirji, wanda aka rubuta Shari'ar Musa a ciki.

Da mahaifin ya sami wuri, sai ya gina gida. Ya kwaɓa ƙasa, ya yaɓe ɗakuna ciki da waje, ya shafa farar ƙasa har bango yana ɗaukar ido. Amma a babban ɗaki, a bangon da ke fuskantar ƙofa, ya bar wani wuri kamar kamu ɗaya a tsaye, kamu ɗaya a kwance, bai yaɓe ba. Tubali na nan tsirara, duk wanda ya shigo shi zai fara gani. Wannan kuwa al'adar Yahudawa ce tun da aka ƙone Haikali: ba sa gama ƙawata gidan kansu sarai alhali gidan Allahnsu yana kango.

Kowace Juma'a in rana ta kusa faɗuwa, Asabar za ta shiga, mahaifin yakan tsai da yaron a gaban wurin nan ya ba shi labari. Yakan fara tun daga Ibrahim, yadda Allah ya kira shi daga cikin masu bautar gumaka, ya sa ya bar garinsu da danginsa, ya yi alkawari da shi da zuriyarsa. Ya wuce kan Ishaku da Yakubu, da bautar da aka sha a Masar, da yadda Allah ya fitar da su ta hannun Musa, ya kai su gindin dutse a jeji ya ba su Shari'a. Ya gaya masa Allah ɗaya ne, ba na biyunsa, ba shi da kama da za a sassaƙa. Shi ya yi sama da ƙasa, ya huta a rana ta bakwai, shi ya sa su ma suke ajiye fartanya ran Asabar. Ya gaya masa labarin annabawan da suka yi ta jan kunnen sarakuna, da waƙoƙin da ake rerawa a Haikali. Yaron yana son duk wannan.

Amma labarin ba ya tsayawa a nan. Kullum sai ya kai ga wutar. In ya kai can, muryar mahaifin takan karye, ya dafa tubalin nan da goshinsa ya yi kuka, kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fita da sauƙi. Yaron yakan tsaya yana kallon ƙasa, abinci yana hucewa. Ya girma yana ganin mahaifinsa bai taɓa dasa itace a ƙauyen nan da niyyar cin 'ya'yansa ba, bai taɓa dariya ta kai ciki ba. Ran da ya binne shi, sai ya ce a ransa, ni in Allah ya ba ni ɗa, ba zan ɗora masa wannan kaya tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba.

Ya yi aure da wata Bayahudiya mai suna Keziya, 'yar gida ɗaya tak na mutanensu da ya rage a yankin. Ta haifa masa ɗa, suka sa masa suna Netaniya. Keziya mace ce mai fara'a da tsokana. Ita ke kunna fitilar Asabar, takan kuma ce wa mijinta ya yi aski ya wanke ƙafa, don Asabar baƙuwa ce mai daraja, ba za ta shigo ta tarar da maigida kamar wanda aka tono daga kunya ba. Amma ba ta daɗe ba. Yaron bai gama iya magana ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ta ga ba za ta tashi ba, sai ta kama hannun mijin ta ce, “Maigida, ka gaya wa yaron nan labarin. Kada ka jira ya tambaya sau biyu.”

Ya ce zai gaya masa. Da gaske kuwa yake nufi.

Iyayen Keziya suka rasu, 'yan'uwanta suka bi fatake suka yi gaba. Gidan mutumin nan ya zama shi kaɗai ne gidan Yahudawa a duk bakin kogin.

Kada ku ɗauka mutumin ya bar addininsa. Ko kaɗan. Ran Asabar ba ya taɓa aiki, ko da tsuntsaye na cin sha'ir a gona. Abin da Shari'a ta hana ci bai taɓa shiga tukunyarsa ba. In ya yi girbi yakan bar gefen gona don matalauta da baƙi. Da safe yakan juya fuskarsa wajen ƙasar kakanninsa ya yi addu'a, leɓe na motsi, murya ba ta fita. Yakan warware littafin fatar ya karanta shi kaɗai, yana bin layi da ido, in ya ji motsin yaron sai ya naɗe. Kowace shekara kuma, in damina ta gabato aka shiga yaɓe, yakan tura ɗansa bangon waje, shi kuma ya yi na babban ɗaki da kansa, ya kewaye wurin nan da tafin hannu a hankali, ya bar shi yadda mahaifinsa ya bari.

Mutanen ƙauye suka sa wa gidan suna gida mai sanƙo. Maƙwabcinsa, wani magini mai yawan barkwanci, in ya leƙo yakan ce, “Bayahude, ƙasa ce ta ƙare a duniya, ko hannunka ne ba ya kaiwa? Ba ni rabin yini in rufe maka sanƙon nan, ko ruwa ba sai ka ba ni ba.” Mutumin yakan yi murmushi ya ce a bar shi tukuna.

Netaniya kuwa yaro ne mai tambaya. Ya tambayi abin da ya sa ba sa zuwa gona ranar da kowa ke zuwa. Uban ya ce haka suka tarar. Lokacin Idin Ƙetarewa, da aka ajiye masa gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, ya yamutsa fuska ya ce, “Baba, me muka yi yau ake ba mu wannan?” A gidajen Yahudawa wannan tambaya ake jira. Dominta ake shirya abincin, don yaro ya yi mamaki ya tambaya, uba ya buɗe baki ya ba da labarin fitowa daga Masar. Mutumin ya buɗe baki. Sai ya hango inda labarin zai kai shi, ya hango goshin mahaifinsa a kan tubali. Ya dubi fuskar yaron, da maiƙo a kumatu. Ya ce, “Ci ka ƙoshi, ɗana. In ka girma za ka sani.”

Wata shekara ayarin fatake ya sauka a bakin kogi, a cikinsu akwai wani Bayahude mai suna Shemaya, wanda iyayensa suka fito daga Urushalima tare da mahaifin mutumin nan. Ya zo gidan, ya ga wurin da ba yaɓe, ya sunkuyar da kai. Da aka ci abinci, sai ya jawo Netaniya ya ce ya faɗa masa kalmomin da kowane ɗan Isra'ila ke faɗa safe da yamma a kan kaɗaitakar Allah. Yaron ya dubi baƙon, ya dubi ubansa, ya yi dariya don bai san abin da ake nufi ba.

Shemaya ya sallami yaron, ya juya wajen maigidan ya ce, “Ɗan'uwana, kana ciyar da shi abincinmu, kana hana shi sanin ko shi wane ne.”

Mutumin ya ce, “Kai ba ka ga mahaifina ba a ƙarshen kwanansa. Bari yaron ya yi dariya tukuna. Kukan ba zai gudu ba.”

Shemaya ya ce masa labarin ba kuka ne kaɗai ba, akwai teku da ya rabu a ciki, akwai alkawarin da Allah bai janye ba. Mutumin ya ce ya sani, zai kuwa faɗa, bayan girbi. Ayari ya tashi, Shemaya ya bi.

Girbi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Da Netaniya ya zama saurayi, uban ya ga lokaci ya yi, amma sai kunya ta kama shi: ta ina zai fara, me zai ce ya sa ya yi shiru duk shekarun nan? Netaniya ma ya riga ya daina tambaya. Ya zama ɗa nagari, mai ƙarfi, mai tausayin ubansa. Yana kiyaye Asabar don Baba na kiyayewa. Yana ƙin abin da Baba ke ƙi. Ya auri wata yarinya 'yar ƙauyen, mai kirki da hannu a girki, ta koyi duk abin da ba a dafawa a gidan ba tare da ta ji dalili ba, gama mijinta ma ba shi da dalilin da zai ba ta. Suka haifi 'ya mace, kakan ya sa mata suna Tirza.

Wata rana, bayan Tirza ta iya magana, ta taka ta je ta sa ɗan yatsanta a tsakanin tubalan nan, sai zuciyar tsohon ta tsinke. Ya ce a ransa, wannan Idin Ƙetarewa mai zuwa, ko me zai faru, zan zaunar da su in faɗa tun daga Ibrahim har zuwa wutar. Ya fara shiri. Yana tafiya gona yana maimaita labarin a bakinsa, yana gyara inda zai fara, yana neman yadda zai wuce wurin wutar ba tare da muryarsa ta karye ba.

Idin bai iso ba, wata safiya aka tarar da shi a kwance tsakanin kunyoyi, fartanya a gefe. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Yana ji, yana gani, yana gane kowa, amma harshe ya ƙi. Abin da ke fita sai gurnani.

Netaniya ya ɗauko shi a baya har gida. Ya kwantar da shi a babban ɗaki don ya sha iska, masu gaisuwa kuma su same shi da sauƙi. Gadon kuwa yana jikin bangon nan. Tun daga ranar, idon tsohon bai bar wurin da ba yaɓe ba. Ya dube shi, hawaye ya zubo. In ɗansa ya shigo, sai ya ɗaga hannun hagu da kyar, ya nuna tubalan, ya nuna ɗan, ya sāke nuna tubalan, yana ta fama da harshe har gumi ya keto masa.

Netaniya ya rasa abin yi. Ya kawo ruwa, ba shi ba ne. Ya juya shi, ba shi ba ne. Matarsa ta ce ita dai a ganinta sanƙon nan ne ke damun Baba, ga mutane na ta shigowa suna gani. Maƙwabci magini, wanda shi ma yanzu ya tsufa, ya girgiza kai ya ce ba wannan kaɗai ba. A ƙauyen nan an yarda cewa wanda ya mutu ya bar gini bai gama ba, ba ya samun kwanciya a kabari. Ya ce, “Tun muna da baƙin gashi nake roƙonsa in rufe masa, yana cewa tukuna, tukuna. Yanzu ya ga tukuna ta ƙare. Yaro, ka sauke wa ubanka wannan nauyi tun yana gani da idonsa.”

Netaniya ya ji maganar ta zauna masa. Ai kullum abin da Baba ke cewa ke nan, a bar shi tukuna. Ashe aiki ne da ya yi ta ɗagawa.

Washegari ya tafi bakin kogi ya zaɓo ƙasa mai laushi wadda ba tsakuwa. Ya tankaɗe ta, ya kwaɓa da ƙaiƙayi, ya bar ta ta kwana. Ya shigo da ita a kwarya ya ajiye a gaban gadon, ya naɗe hannun riga. Da tsohon ya ga ƙasar, idonsa ya fito. Ya yi gurnani mai ƙarfi, irin wanda bai taɓa yi ba, ya bugi gefen gado da hannun hagu.

Netaniya ya ce, “Na sani, Baba, na sani. Ka daɗe kana jira. Kwantar da hankalinka, yanzu zan gama.”

Ya yayyafa wa tubalan ruwa. Ya ɗebo ƙasa ya manna, ya bi da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama, yadda ya ga uban na yi. Bai yi garaje ba. Ya cike kowane tsagi, ya daidaita sabon da tsohon har ba a gane mahaɗa. Yana yi yana hira da uban, yana cewa in ya bushe zai shafe ɗakin duka da farar ƙasa, magini kuma sai ya nemi wani abin tsokana. Matarsa na bakin ƙofa tana share hawaye, tana cewa dubi yadda Baba ke kuka don murna.

Da ya gama, sai ya tallafo uban ya ɗaga shi zaune don ya taɓa aikin. Tsohon ya miƙa hannun hagu yana rawa, ya kai kan ɗanyen yaɓen, ya kafa farce, ya ja da duk ƙarfin da ya rage masa. Sawun yatsu ya fito a bango, amma bai kai ga tubali ba.

Netaniya ya yi 'yar dariya ta tausayi ya ce, “Hannunka na rawa, Baba. Ba kome, bari in gyara.” Ya tsoma tafinsa a ruwa ya shafe sawun, sumul. Ya kwantar da uban, ya ja gadon nesa da bango don kada ya sāke ɓata hannunsa.

Daga ranar tsohon bai ƙara nuna kome ba. Ya juya fuska wajen ƙofa. Aka kawo kunu ya rufe baki. Kafin farar ƙasar ta gama bushewa ya rasu.

Netaniya ya yi masa kuka na gaske. Da za a binne shi, sai ya tuna da naɗaɗɗen littafin nan da Baba ke ƙauna fiye da kome, wanda shi bai san ko baƙi ɗaya a ciki ba. Ya ce abin da mutum ya so haka, bai kamata a raba su ba. Ya ɗora masa shi a ƙirji, aka mai da ƙasa.

Bayan damina ayari ya sauka a bakin kogi, sai ga Shemaya, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ya riga ya ji rasuwar a hanya. Ya yi sallama, ya shigo babban ɗaki, ya ɗaga ido inda ya taɓa sunkuyar da kai. Fari fat, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya tambaya ko sabon ɗaki ne. Netaniya ya ce a'a, shi ne dai, ya kuma ba shi labarin yadda Allah ya taimake shi ya gama wa Baba aikin tun yana da rai, da yadda Baba ya miƙa hannu ya taɓa.

Shemaya ya nemi wuri ya zauna. Sa'an nan ya ce, “Ɗana, ba aiki ne da ya rage ba. Kakanka ne ya bar shi da gangan, ubanka kuma ya tsare shi duk ransa. Saboda Urushalima ne.”

Netaniya ya ce, “Na sha ganin sunan nan a leɓen Baba in yana addu'a. Na ɗauka wata 'yar'uwarsa ce da ta rasu. Wace ce?”

Tsohon ya rufe fuska da hannu. Da ya buɗe, sai ya ce a kawo masa littafin, zai karanta masa daga farko. Netaniya ya gaya masa inda littafin yake. Shemaya ya kama wuyan rigarsa ya kece, yadda mutanensu ke yi in an yi musu rasuwa, alhali da ya ji mutuwar abokinsa a hanya bai kece ba.

Ayarin ba mai kwana ba ne, ruwa kawai suka tsaya sha. Shemaya ya zaunar da Netaniya ya fara zuba masa labari da sauri, Ibrahim, Masar, dutse, Shari'a, sarakuna, annabawa, Haikali, wuta, abin da ake ɗura wa yaro kaɗan kaɗan tun yana goye, shi yana so ya ɗura wa magidanci a yini guda. Netaniya ya kasa kunne iyakar ƙoƙarinsa, amma hankalinsa na kan abu ɗaya, sawun yatsun nan da ya shafe da hannunsa. Madugu ya aiko a ce tsoho ya taso ko a bar shi. Shemaya ya tashi. Ya ce yana neman ya kai ƙasusuwansa kusa da ƙasar kakanni, ba ya jin zai sāke biyowa ta nan. Ya sa wa Netaniya albarka da kalmomin da Netaniya bai gane ba, ya tafi.

Da gari ya waye Netaniya ya ɗauki wuƙa ya tsaya a gaban bangon. Ya shafa nan, ya shafa can, yana neman mahaɗa. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, babu alama. Ya ƙwanƙwasa, duk sauti ɗaya. Sai ya kintata wuri ya fara kankarewa har tubali ya fito, bai sani ba ko nan ne ko gefensa. Ya yi ƙoƙarin tuna abin da baƙon ya faɗa. Akwai wani da ya bar garinsu, akwai dutse, akwai wuta. Wane ne ya riga, Musa ko Ibrahim? Wa ya ƙone me, don me?

Tirza ta shigo ta ga farar ƙasa a zube. Ta kama gefen rigarsa ta ce, “Baba, me ya sa kake ɓata bangon Kaka?”

Ya durƙusa, ya dube ta, ya buɗe baki. Harshensa lafiya lau, ba abin da ya same shi.

Ya ce, “Haka muka tarar, 'yata.”

Ma'anar wannan misali ita ce, bangaskiya ba ta bin jini, ba ta kuma zama a bango. Ta baki take wucewa, daga wanda ya sani zuwa wanda bai sani ba, in kuwa bakin ya yi shiru tsara ɗaya kawai, ta tsaya ke nan a gidan.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Ku lura da kyau, bai karya doka ko ɗaya da ido ke gani ba. Ƙauna ce ta rufe masa baki, ƙauna ce kuma ta sa ɗansa ya kwaɓa ƙasa. Ba maƙiyi ya shafe wurin tunawar ba. Maƙiya sun ƙone Haikali, amma ba su iya ƙone labarin ba, ya fito a ƙirjin mutum ya haye jeji. A cikin gida mai zaman lafiya ya mutu, a hannun ɗa mai biyayya.

Yahudawa sun gaskata Allah ɗaya ne, wanda ya yi alkawari da Ibrahim, ya ba da Shari'a ta hannun Musa, ya yi magana ta bakin annabawa. Littattafansu masu tsarki kashi uku ne, Shari'a, da Annabawa, da sauran rubuce-rubuce na waƙa da hikima da tarihi, mu ma muna karanta su a nan coci kowane mako. A tsakiyar Shari'ar nan kuwa akwai umarnin da mutumin ya tsallake, wato iyaye su koya wa 'ya'yansu, a zaune a gida da tafe a hanya. Kada wani ya fita daga nan ya ce haka Yahudawa suke. Da haka suke, da ba su kai yau ba. Sun warwatsu cikin duniya ba haikali ba sarki, suka rayu domin a gidaje masu yawa yaro ya tambaya, uba ya amsa, ko da kuka ne. Gida ɗaya na ba ku labari, kuma gidan ya fi kama da namu.

Wurin da ba yaɓe shi ne duk abin da muke yi a gida wanda 'ya'yanmu ke gani ba su san dalili ba: addu'a kafin abinci, hutun ranar Ubangiji, abin da muke ƙi a kasuwa alhali kowa na yi. Littafin da aka binne shi ne wanda ke cikin jakarku yanzu, mai kyakkyawan bango, wanda yaranku suka san launinsa, suka san ba a taɓa shi da hannu mai miya, amma ba su taɓa jin muryarku tana karanta musu shi ba. Shemaya kuwa shi ne malamin da kuke turo masa yara ran Lahadi, kuna so ya ɗura musu cikin sa'a guda abin da ba a faɗa a gida ba duk mako. Ba zai iya ba. Ayarinsa na jira.

Da yawa cikin iyayen da suka fara kawo bangaskiya gidajenmu sun sha wuya a kanta, wasu an kore su, wasu an hana su gona. Sun tafi, yawancinsu, labarinsu kuma yana bin su, domin mun ce yara sun yi ƙanƙanta, ko abin ya yi nauyi, ko sai an gama jarrabawa, ko sai bayan girbi. Ina duban kujerun nan ina ganin gidajen da aka riga aka kwaɓa ƙasa a cikinsu. Wasu an riga an shafe, sumul, masu gidan kuma suna nan zaune, ba su sani ba. Ba ni da wata magana mai daɗi da zan rufe wannan da ita. Yaro ba ya tambaya har abada, akwai ranar da zai daina. Harshe ma ba a san ranar da zai ƙi ba.

Ku yara, in kun koma gida yau ku tambaya, in an ce sai kun girma ku sāke tambaya. Ku iyaye, wanda harshensa ke motsi yanzu, ya yi amfani da shi kafin a sauke tukunyar rana.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan a gabanku. Ƙauyen da mutanensa ni na ƙaga su, amma bangon, kowa ya je gida ya duba nasa.